Cizon Dila a Bakin Tabki

Idrisu ya sake ɗaukar dutse ya jefa, dilan ya ɗan ja da baya ya tsaya yana kallonsa. Tun hantsi yake kewaye su. Ya yaga jakar shara, ya janye rabin kazar da Hajjo ta ajiye a kan tabarma, yanzu kuma ga shi ya dawo.

"Rabu da shi, Baban Safiyya," in ji Hajjo daga ƙofar karafan. "Yunwa ce."

Karafan ɗin na kafilinsa ne, wato mai gidan da yake yi wa tuƙi, ɗaki guda mai gado da kicin da ake ja da mota. Shekara da shekaru Idrisu yana jan sa zuwa wannan tabki da ke kudancin Riyad, ya kafa wa iyalin mai gida, ya koma gefe ya zauna. A wannan Juma'ar mai gidan yana Dubai, ya ce masa ya ɗauka ya kai nasa iyalin su sha iska. Hajjo ta daɗe ba ta ga ruwan da ya fi na bokiti ba. Tun da bizarta ta Umara ta ƙare ta ƙi komawa Zariya, iyakarta ɗakinsu na unguwar Manfuha da shagon ƙasan bene. A ɗakin nan ta haifi Safiyya, kuma har yarinyar ta kai shekara biyar babu takarda ko ɗaya mai ɗauke da sunanta.

Idrisu yana tsakiyar sallar la'asar ya ji kukan yarinyar. Ya sallame a gurguje ya zagaya bayan karafan. Safiyya na tsaye riƙe da hannunta na dama, gutsuren burodi a ƙasa, dilan kuma yana tafiya yana tangaɗi kamar wanda ƙafafunsa suka gaji.

"Baba, addani," ta ce da Larabci, sannan ta tuna ta juya Hausa. "Ya cije ni."

Huda biyu ne ƙanana a gefen tafin hannu, jinin ma bai taka kara ya karya ba. Hajjo ta ja ta zuwa famfon kicin ta shiga wankewa da sabulu, tana yi tana rarrashi. Idrisu ya tsaya a ƙofa yana kallon inda dabbar ta bi. Dila ba ya fitowa da rana tsaka ya tsaya gaban mutum. Ya kuma ga yawu a haɓarsa tun ɗazu, ya dai ƙi bari zuciyarsa ta tsaya a kai.

Wani dattijo Basa'udiye da ya kafa tanti kusa da su ya ƙaraso da carbi a hannu. Ya duba hannun yarinyar, ya girgiza kai.

"Mustashfa," ya ce, wato asibiti. "Yanzu-yanzu. Allura za su yi mata."

Idrisu ya yi masa godiya, ya jira har ya koma tantinsa.

"Ƙila ba komai ba ne," ya ce a hankali. "Mu sa mata man habbatus sauda, mu ga yadda za ta kwana."

Hajjo ba ta ɗago ba. "Ka ga yawun?"

"Na gani."

"To."

Ya zauna a kan matakalar karafan. Yana yaro a garinsu mahaukacin kare ya ciji wani maƙwabcinsu, Talle mai gyaran keke. Ciwon ya warke sarai, mutumin ya ci gaba da aikinsa. Bayan wata guda aka ɗaure shi a ɗaki, in an miƙa masa ruwa sai ya ƙanƙame yana ihu. Idrisu ya dubi tabkin, inda yara ke jefa wa agwagi burodi.

Ya san kuma abin da ke jiransu a asibiti. Kafin a tambayi sunan mara lafiya, iƙama ake tambaya, takardar izinin zama a ƙasar. Tasa tana aljihu, lafiyarta lau. Amma za a ce ina ta yarinya, ina ta uwarta. Wani ma'aikacin ya kau da kai, wani ya ɗaga waya. Ya ga matan da aka kwashe daga Manfuha a motar jawazat, jami'an shige da fice, wasu da goyo, wasu ko takalmi babu.

"In na kai ta ni kaɗai fa?" ya ce. "Ke ki zauna a nan, ki kulle ƙofa."

"Su tambaye ka ina ka samo ta, ka ce me? Kuma ba za ta tsaya a yi mata allura ba in ba na wurin."

"Hajjo, in suka riƙe ki, ba za a bar ki ki dawo ba. Ita ma haka."

"Na sani. A Zariya ma ana rayuwa." Ta ɗaure hannun yarinyar da farin ƙyalle, ta ɗauki abayarta. "Cire wannan ɗakin daga jikin motar, zai rage mana gudu."

Ya kwance ƙarfen. Ya roƙi dattijon ya sa masa ido a kan karafan, bai ma tsaya naɗe tabarma ba. Safiyya ta hau baya tana tambaya ko za su dawo su ga agwagi. Idrisu ya tada motar.

Sun hau kwalta kenan Hajjo ta ce ya ba ta wayarsa. Ta kira maƙwabciyarta Delou, 'yar Maraɗi.

"Delou, makullinmu na ƙarƙashin tukunyar fulawa. Ki shiga ki kwashe min shanya. Sannan akwai baƙar jaka a saman kwaba, ki zuba kayana da na Safiyya kala uku-uku, ki ajiye a wurinki."

Ta saurara kaɗan.

"A'a, lafiya lau. Ki dai ajiye. Kar ki manta da rigar sanyinta."

Ta miƙa masa wayar, ta jawo Safiyya ta kwantar da ita a cinyarta. Idrisu ya kunna sigina ya shiga hanyar asibiti.