Filin da Baba Ya Ba Ni

Tun da lif, na'urar hawa benen gininmu na unguwar Stratford, ya fara tsiyarsa, ni da surukina muka koma kamar kaji a akurki. Shi ƙafa ta ƙi, ƙwaƙwalwa ma ta fara zubewa. Ni kuwa na ajiye aikina na kantin magani don in kula da shi, wai na ɗan lokaci. Mijina Zion yana can yana tuƙa bas, iyakarsa ya dawo ya ce sannu.

Baba mutumin wani tsibiri ne a Karebiyan. Dutse ya yi aman wuta ya binne garinsu da toka, aka kwaso su zuwa London. Ya manta da wannan, amma bai manta da tsohuwar taswirarsa ta zamanin Turawan mulki ba. A cikinta layukan tudu sun kewaye dutsen, gonakin rake da lemun tsami sun gangaro har bakin teku. Kullum bayan karin kumallo sai ya shimfiɗa ta a tebur, ya bi hanyar gida da yatsa, ni kuma in ce to. A gidanmu ba a ƙaryata suruki.

Amma na gaji, gajiya ta gaske. Ranar da hukuma ta samo masa gurbi a gidan tsofaffi har rawa na taka a kicin. Zion ya ce shi bakinsa ba zai iya faɗa masa ba.

"Maganarki yake ji, Muhibbat. Just tell him."

Da safe na zauna gabansa, na gama shirya maganata tsaf. Kafin in buɗe baki ya kama hannuna, ya ɗora yatsana a taswirar, kan wani ɗan fili kusa da injin matse rake.

"Kakana ya ƙare ƙarfinsa a gonar Baturen nan kafin a sayar masa da wannan," in ji shi. "Akwai mangwaro, ana hango teku daga ƙofa. Zion ba mazauni ba ne. Ke ce kike zama da ni, 'yata. Na ba ki."

Na san toka ta shanye wurin har rufin gidaje, gwamnati ma ta hana shiga. Na sauko daga kujera na durƙusa.

"Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri."

Da azahar matar gidan tsofaffin ta bugo tana tambayar ranar da za mu kawo shi. Na ce mata mun fasa, ta ba wani. Sai na shige banɗaki na buɗe famfo, don kada ya ji kukana.