Muryar Yaya a Teburin Guga

Auta da yayarta ciwo ɗaya suka taso da shi, sikila, shago ɗaya kuma suke riƙe da shi, na wanki da guga a bakin titi. Yaya ta rasu bara. Auta ta ci gaba da shagon ita kaɗai, ga kuma gajiyar da ciwon ke jawowa, irin wadda ko barci ba ya sauke ta.

Ranar da wayarta ta faɗa cikin bahon sabulu, Umma ta buɗe durowa ta miƙo mata ta Yaya.

"Riƙe wannan. Ajiyar me nake yi mata?"

A cikin wayar akwai wata manhaja da asibiti suka saka wa Yaya. Kullum da safe sai ta tambayi ƙarfin jiki, mutum ya taɓa kore, ko rawaya, ko ja, ita kuma ta tsara masa lokacin hutu da na shan ruwa. Auta ta taɓa rawaya don gwaji, ta jefa wayar a aljihu.

Wajen tsakar rana tana kan gugar wuyan wata farar riga, tururi na dukan fuskarta, sai ta ji wata murya dab da jikinta:

"Ke! Ajiye ki zauna. Kayan nan ba ƙafa gare su ba."

Muryar Yaya ce, har da ɗan tarin da take yi kafin magana. Auta ta waiga. Babu kowa sai riguna a rataye cikin leda, fanka na kaɗa su. Ƙaurin ƙuna ne ya dawo da ita, ta fizge dutsen guga daga kan rigar.

Daga baya ta gane Yaya ce ta naɗi muryarta a manhajar maimakon ƙararrawa, kanta take yi wa faɗa. Sanin hakan bai hana Auta zama ba. Ta zauna kan bokitin da Yaya ke kifewa ta zauna a kai, ta sha ruwa.

Ba ta faɗa wa kowa ba, amma ta bi umarni. Manyan barguna da safe, ƙananan kaya da yamma, hutu a tsakani. Ta fara komawa gida da sauran ƙarfi, har Umma ta tsokane ta wai ko wani ne ya fara zuwa shagon.

Wata safiya manhajar ta rubuto mata: "Madalla, kin fi bara ƙarfi." Auta ta taɓa rubutun, zane ya buɗe. Layi ne mai hawa da sauka, yana gangarowa a hankali, rawaya, rawaya, ja, ja, sai ya yanke. Bayan wani fili fari, layin ya ci gaba. Manhajar ba ta san an yi mutuwa ba. A wurinta mace ɗaya ce ta yi shiru ta dawo.

Auta ta kwatanta farkon layin da nata. Sun yi kama ƙwarai.

Tun daga ranar ta koma taɓa kore. Ko ta tashi ƙafafunta kamar an ɗaura musu buhun yashi, kore. Manhajar ta yarda da ita, ta rage hutun, muryar ta ɗauke. Shagon ya yi tsit, sai hucin dutsen guga. Takan tsinci kanta ta tsaya da aiki tana kasa kunne. A haka wata rana jiri ya kwashe ta tsakanin teburi da bango, mai shagon kusa ya kai ta asibiti.

Nas ɗin da ta kula da Yaya ce ta zo duba ƙarin ruwan da aka sa mata. Ta ga wayar a kan gado, ta daɗe tana kallonta.

"Ashe ke ce. Ina zaune a ofis na ga sunan yayarki ya motsa a kwamfuta, wai tana samun sauƙi. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na ɗauka na'urar ce ta rikice." Ta gyara mata filo. "Wannan koren fa, wa kike yi wa ƙarya?"

"Tsoro nake ji, Anti. Layina irin nata ne."

"Duk mai ciwon nan layinsa hawa da sauka ne. Na yayarki ba gajiya ce ta yanke shi ba, ciwon ƙirji ne ya zo mata farat ɗaya, ke ma kina wurin. Taɓa gaskiya in gani."

Auta ta taɓa ja. Umma na tsaye a bakin gado da kofi a hannu, ba ta san komai ba, sai wayar ta yi ɗan tari.

"Ke! Ajiye ki zauna."

Umma ta ajiye kofin, ta zauna. Sai da ta zauna sannan fuskarta ta canza, ta toshe baki da gefen mayafi.

Da aka sallame ta, Auta ta sayi wata wayar, nas ta buɗe mata shafi da sunanta, ta ce tana iya naɗar tata muryar. Ta gwada a shago bayan ta rufe ƙofa. Da ta kunna ta saurara, ta kasa bambance ta da ta Yaya. Ta goge, ta zaɓi ƙararrawa.

Tsohuwar wayar Umma ta karɓe, ba ta kuma mayar da ita durowa ba. Yanzu ranar da Auta ta taɓa ja, rabin wuni take yi ta ja ƙofar shago. Masu kaya na ƙorafi, wasu sun koma wani wurin.