Shirun Inna

A shagon aski Rediyo suke ce masa, saboda bakinsa ba ya hutawa. Ko mutum ya lumshe ido a kujera, sai ya tono masa zance. Kowa ya ɗauka barkwanci ne. Shi kaɗai ya san cewa ba ya iya jure wuri ya yi tsit.

Yana ƙarami, mahaifiyarsa Inna ba ta taɓa dukansa ba. In ya yi laifi, wani lokacin ma bai san laifin ba, sai ta ɗauke masa wuta. Kwana goma, ko wata guda cur. Ta ajiye masa abinci a bakin ƙofa, ta ratsa ta gefensa kamar ba mutum a wurin. Ya gaishe ta, ta juya ta yi wa ƙanwarsa magana. Yakan je gaban madubi ya shafa fuskarsa, don ya tabbata yana nan.

Yana da shekara arba'in da uku ɓarin jikin Inna ya shanye, maganarta ta ɗauke. Ƙanwar tana aure nesa, sai aka kawo Inna gidansa.

Kullum da safe yakan durƙusa gaban gadonta.

"Inna, ina kwana?"

Sai ido. Likita ya yi masa bayani, ya kuma gane sarai ciwo ne, amma ƙirjinsa ya ƙi yarda. Ya daina cin abincin kirki. A shago aska ta fara rawa a hannunsa, har ya bar gyaran fuska ya koma kan injin aski kawai.

Wata rana da la'asar matarsa ta dawo daga kasuwa, ta tarar da shi a ƙofar ɗakin Inna, goshinsa jingine da bango, yana magana ƙasa-ƙasa da wata irin murya da ba ta san shi da ita ba.

"Ki yi haƙuri. Ba zan ƙara ba."

Ta ajiye kwandon.

"Baban yara, me ka yi mata?"

"Ban sani ba," ya ce. "Ban taɓa sani ba."

Ita ta matsa masa har suka je wurin likitar ƙwaƙwalwa. Zuwan farko ya cika ofishin da labarin kawunan mutane, har likitar ta yi dariya. Sai a zuwa na uku ya ambaci Inna, ya yi kuka kamar ransa zai fita.

Inna ta yi wata bakwai a gidan. Ranar da za ta cika, leɓenta ya motsa sau biyu. Matarsa ta rantse sunansa ta kira. Shi ne ya fi kusa da bakinta, bai kuma ji komai ba, amma bai musa mata ba.