Kakin Baba Kwana-kwana

"Saura maɓallai kawai, Baba," na ce, ina ta taka keken ɗinki ban ko ɗago kai ba.

Baba Kwana-kwana ya dafa teburin yanka, ya yi tari har ya gaji, sannan ya ɗaga kayan 'yan makaranta da na jibge a kai. Ga kakinsa nan a ƙasa a farke, hannu daban, baya daban. Ko allura ba ta taɓa shi ba.

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba shagona da gidansa. Shekara ashirin ke nan da babbar ma'ajiyar mai ta fashe ta cinye unguwa uku, abin da ƙasar nan ba ta manta ba har yau. Su goma sha biyu suka shiga wutar daga ofishinsu na kashe gobara, huɗu suka fito. Yanzu shi kaɗai ya rage, da hayaƙin a ƙirji. Bana aka aiko masa da takarda, shi zai karanta sunayen abokan aikinsa a taron tunawa. Kakin ya yi masa yawa saboda rama, ya kawo in rage tun saura wata guda.

Wata guda fa! Amma ni tela ne, gobe a bakina take kwana. Mai masifa nake fara sallama, Baba kuwa kullum sai ya ce, "To, Allah ya kai mu."

"Ba ni awa biyu," na ce, gumi na keto min.

"Ƙarfe tara motar taron za ta zo. Dubi agogonka."

"To ka sa farar rigarka mana, ai tana yi maka kyau."

"Tela, a cikin kaki suka mutu. Ba zan kira sunansu ina kamar mai zuwa ɗaurin aure ba."

Motar ta zo ta yi ham. Ya lallaba da kansa har wajen direba, ina ji ya ce, "Ka ba su haƙuri, jikin ne ya ƙi." Bai ambace ni ba. Da zagina ya yi da na fi jin sauƙi.

Ya dawo ya zauna a bencin shago, ya ce in kunna rediyo. Wani jami'i ne ya karanta sunayen a madadinsa. Kafin ya faɗi kowanne, Baba ya riga shi a hankali. Da aka gama ya ci gaba da karkata kunne, har aka shiga jawabin manya.

"Sun tsallake Dogo," ya ce.

"Wane Dogo?"

"Direbanmu. Ɗan wucin gadi ne, ba ya cikin takardarsu. Uwarsa kowace shekara tana zuwa ta zauna a baya. Saboda shi na yarda zan je."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce baɗi in Allah ya yarda, kakin zai riga kowa shiryawa. Ya yi murmushi ya ce ai ya san baɗin tela.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, kukan matarsa ya tsallako katanga.

Da muka dawo daga maƙabarta na wuce shago na haɗa kakin. Awa ɗaya da minti arba'in ya ci, na duba agogo. Kunya ta kusa hana ni shiga gidan, amma na shiga.

"Mama, ga kayan Baba. Ni na hana shi zuwa taron nan, ba ciwo ba."

"Na sani," ta ce. "Ya hana ni yi maka magana."

Ta karɓa ta warware rigar a kan cinyarta, ta auna kafaɗun da tafin hannu.

"Ashe haka ya koma? Ina tare da shi ban gani ba."

Ta shimfiɗa ta a gefen gadon da yake kwanciya, ta ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya har wuya.