Kira Na Goma Sha Huɗu

Kwana arba'in da binne Sa'adiyya, Inna Hure ba ta daina jin ƙarar waya a kunnenta ba, ƙarar nan ta kiran da ba a ɗauka. Tana ɓarar gyaɗa tana jin ta, tana alwala tana jin ta. Sau goma sha uku ta kira lambar motar masu naƙuda a ranar, da hantsi, rana tarwai, 'yarta na zubar da jini a kan tabarma. Mota ba ta zo ba.

Sai ga labari wai ƙungiyar da ke da motar ta sa rahoto a intanet, wai duk kiran watan an amsa. Hure ta ja mayafi, ta hau acaɓa daga ƙauyensu na gefen Makoda har ofishinsu a Ɗambatta.

Ma'aikacin da ke haɗa rahoton, Malam Tajuddeen, ya juyo mata kwamfuta. Shafi kore shar, da zane-zane masu launi, da hoton wata mata tana wa jariri dariya.

"Inna, kin gani? Kore na nufin an amsa."

"Kore, sai ka ce miyar kuka! Yaro, ban yi boko ba, amma shekara talatin ina wankan gawa. Kafin in zuba ruwa sai na cire 'yan kunne, na kwance kitso, na ga mutum yadda Allah Ya yi shi. Tuɓe mini wannan abin."

Ya so ya yi dariya, ya dubi fuskarta ya haɗiye. "Ana iyawa. Adon daban yake, abin da na'ura ta rubuta daban. Ɗora masa aka yi kamar riga."

Ya danna. Launi ya ɓace, matar da jaririnta suka ɓace, ya rage baƙin rubutu layi-layi. Kuma layukan sun fi na ɗazu yawa. Tajuddeen ya bi su da kallo, ya ce, "Adon ne ya rufe waɗannan. An tsara shi ne duk kiran da ba a ɗauka ba kada ya fito."

Ta faɗa masa lambarta, ya nemo ranar. Ta ɗora yatsa a kan gilashin tana ƙirgawa. Goma sha uku cif. A ƙasansu ga wani layi guda.

"Wannan fa?"

"Wata lamba ce daban. Ƙarshenta bakwai, bakwai, uku. Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin."

Hure ta san lambar nan. Lambar Sa'adiyya ce. Lokacin nan ne Hure ta ruga gona neman mai babur, ta bar yarinyar ko kai ba ta iya ɗagawa, wayarta na can kan taga.

"Wannan an ɗauka, Inna," in ji shi a hankali. "Daƙiƙa arba'in da ɗaya."

Ashe Sa'adiyya ta ja jiki har bakin taga. Ashe ta yi magana, wani ya ji muryarta, ya ajiye. Ita kuwa uwar da ta dawo, ko kalma ɗaya ba ta samu ba.

"Wa ya ɗauka?"

"Akwai lambar ma'aikacin, amma Inna..."

"Riƙe ammarka. Buga mini shi a takarda haka yadda yake, in ga wanda zai ƙaryata ni gaban dagaci. Sannan ka aika a kira mutumin."

Ta cire takalmanta, ta zauna daɓas a bakin ƙofa, ta tare hanya.

"Ba inda za ni sai ya faɗa mini abin da 'yata ta ce."