Mai Gyaran Agogo Ya Koma Aiki

Ma'aikaciyar ta ɗaura wa Inna tabarau mai nauyi, ta ja igiyarsa har ta matse mata ɗankwali, ta ce kada ta miƙe tsaye ko me ta gani. Babban ɗanta ne ya kawo ta wannan shago mai kujeru a jere kamar na masu aski, wai zai nuna mata Baba, mijinta, wanda aka binne wata bakwai da suka wuce.

Duhu ya yaye, sai ga ta a rumfarsa ta gyaran agogo. Ga teburin nan mai gurguwar ƙafa, ga gwangwanin ƙananan kusoshi. Ga shi kuma a zaune, gilashi maƙale a ido ɗaya. Ya ɗago, ya yi ɗan tarin nan nasa.

"Ƴar Rigima, kin iso?"

Shekara talatin da takwas suna tare, bai taɓa kiran ta da wannan suna a gaban kowa ba, ko ƴaƴansu. Daga ɗaki sai saƙon murya idan ya yi tafiya. Ta miƙa hannu, ta kamo iska, hawaye ya cika tabarau. Ya tambayi ciwon gwiwarta. Bai jira amsa ba ya ce akwai wani sabon agogo mai ƙirga bugun zuciya, in ta ƙura masa ido za a kai mata har gida. Mutumin da ya mutu yana cewa agogon zamani tarkace ne.

Lokaci ya cika, aka cire mata tabarau. Matar kujerar kusa, mai jan farce, tana ta ƙyalƙyala dariya tana faɗa wa ƙawarta cewa tsohon nan akwai daɗin baki, Ƴar Rigima yake ce mata, har ya sa ta sayi agogo biyu.

Inna ta ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa. Ta juya ga ɗanta. Shi ko a jikinsa, ya zayyana mata komai: saƙonnin Baba da ke tsohuwar wayarta ya kwashe ya ba kamfanin da ke da shagon, da hotuna. Na'ura ta koyi muryar, tana kuma lura da inda idon mai saye ya tsaya. Duk agogon da ya fita, kamfani ya ɗauki kashi tara na ribar, shi ya ɗauki ɗaya.

"Inna, abin da Baba ya kawo a wata guda, bai kawo shi a shekara ba yana raye," ya ce, idonsa a kan waya.

Ta kama hannun ma'aikaciyar, ta roƙe ta su riƙe fuskar, su riƙe tarin, sunan kawai su cire.

"Ai sunan ne ke sayar da kayan, Mama. An gwada babu shi, ciniki ya faɗi." Ta yi murmushin da aka koya mata. "A ƙara miki minti goma?"

Inna ta dubi ƙofa. Ta tuna ɗakinta, inda agogo bakwai ke tsaye tun ranar da aka fita da gawar Baba, ba mai wana su. Ta koma ta zauna.

Duhu ya yaye. Ya ɗago, ya yi tarin, daidai inda ya yi ɗazu.

"Ƴar Rigima, kin iso?"

Kafin ta buɗe baki, wata a kujerar baya ta riga ta amsawa.