Lambar Zazzaɓin Ƙwarƙwata

Aikin Martha a wani ƙaramin asibiti na Kakuri bai wuce zama a ɗakin ajiye katunan marasa lafiya ba. Likita ya rubuta sunan cuta, ita kuma ta buɗe littafin lambobi ta nemo lambar cutar ta ɗora. Aiki ne na masu gyangyaɗi, kuma ba ta taɓa zaton zai iya cutar da kowa ba.

Sai ga katin Baba Iro, mahaifin Sani, maƙwabcinta a gidan haya na Makera. Sani ɗan gwanjo ne, dilolin kayansa a ɗakin zaure suke, tsohon kuwa a kansu yake kwana saboda sanyin damina. Likita ya rubuta taifus, zazzaɓin da ƙwarƙwatar tufafi ke kawowa. Lambarsa 080, kuma irin wannan lamba ba ta kwana a durowa. Ofishin lafiya ake kai ta, duba-gari su biyo baya. Ga shi zamanin soja, ba wanda ke sauraron magiya.

Martha ta daɗe riƙe da biro. Akwai lambar zazzaɓin da ba a gano kansa ba, in ta sa ta babu mai waiwayowa. To amma yaran gidan duk a kan dilolin nan suke tsalle, har da 'yarta Edith. Ta rubuta 080.

Ranar Asabar duba-gari suka dira. Suka bi ɗaki-ɗaki suna barbaɗa farin magani, sannan suka jawo dilolin Sani zuwa bakin kwata, suka antaya musu kananzir. Jarinsa kaf ke nan. Martha ta kulle kanta a ɗaki ta ce ciwon kai take, alhali ƙarya ce, kunya ce ta hana ta fitowa. Ƙaurin ya iske ta har gado. Ta san daidai ta yi, amma sanin bai rage mata komai ba.

Da la'asar aka yi sallama a ƙofarta. Sani ne, idanunsa jajur saboda hayaƙi.

"Maman Edith, ya jikin? An ce kanki ke ciwo."

"Da sauƙi, Malam Sani. Sannu da wannan abu. Ya Baba?"

"Ya fara shan koko. Ai mun gode, da ba ki ce mu kai shi asibitinku ba, da yanzu wani zancen ake." Ya waiga, sannan ya zaro wani abu daga cikin rigarsa. 'Yar jar suwaita ce mai maɓallai. "Wannan na fizge kafin su kunna ashana. Na ga daidai Edith ce. Kar ki bari kowa ya gani."

Martha ta dubi suwaitar. Ta so ta ce masa ita ce ta rubuta lambar da ta jawo duba-gari. Amma sai ta sa hannu biyu ta karɓa.

"Na gode. Allah ya mayar da alheri."

"Amin," in ji shi, har da ɗan murmushi, ya juya.

Edith ta taho a guje tana miƙa hannu. Martha ta ɗaga suwaitar sama inda yarinyar ba za ta kai ba, ta daka mata tsawa alhali ba ta yi laifin komai ba. Ta jira har ta ji Sani ya fita masallaci, sannan ta zagaya ta bayan gidan da suwaitar da ashana.